Komai aka ce suga ne: yadda wata tela ta yi wata 15 kafin a yi mata gwajin da ya dace

Kafin abun ya fara (2012 zuwa 2020)

Matar nan tela ce, ɗinkin mata take yi da keke mai ƙafa, shekarunta 56 lokacin da abun ya fara. Ba zan faɗi sunanta ba, haka asibitocin da ta je ma ba zan ambace su ba. Ita da babbar 'yarta ne suka ba ni takardun gwaje-gwajenta na bi su ɗaya bayan ɗaya.

A 2012 aka gano tana da ciwon suga nau'i na 2, irin wanda ya fi kama manya. Aka ɗora ta kan metformin 500mg sau biyu a rana, a 2016 aka ƙara mata zuwa 1000mg safe da yamma, wato 2000mg kenan kullum. A 2018 ƙwannafi ya matsa mata aka rubuta mata omeprazole 20mg, wai ta sha na 'yan makonni, amma da yake ta ji daɗinsa sai ta ci gaba da saye a kemis tana sha, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake tambayarta ko har yanzu tana shan sa.

Tana cikin masu kula da kansu sosai. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan mutum na wata biyu zuwa uku, nata tsakanin 6.8 da 7.3 yake yawo duk shekarun nan, abun da ake nema ga yawancin manya kuwa shi ne ƙasa da 7 ko kusa da haka. An duba bayan idonta ba a ga ɓarnar suga ba, fitsarinta babu furotin, ƙoda lafiya lau. Ba ta shan giya, tana cin nama da kifi da ƙwai da madara kamar kowa.

Maris zuwa Yuni 2021: ƙafa

Da yatsun ƙafa abun ya fara, su yi mata dindiris, wani lokacin kuma tsikari da zugi, ya fi tashi da daddare. Tare da shi sai wata irin kasala da ba ta saba da ita ba, macen da take wuni kan keke ta koma kafin rana ta take ta gaji liƙis. Harshenta kuma ya yi ja ya yi sumul yana mata raɗaɗi, ta ɗauka ko wani abu ta ci da bai karɓe ta ba.

Ta jira har ranar kilinik ɗinta na suga a watan Yuni. Likitan ya sa ta cire takalmi, ya ɗauko siririyar robar nan da ake dangwala wa tafin ƙafa, wuri biyu ba ta ji ba. Ya ce, "Mama, sugan ne ya fara taɓa jijiyoyin ƙafa, shekara tara ai ba kwana tara ba ne." Da ta kawo maganar kasala ya ce dama masu suga suna yawan jin haka. Maganar harshe kuwa ba ta ma ɗauko ta ba, don a tunaninta nan ba wurinta ba ne, kilinik ɗin suga ta zo. Ya rubuta mata amitriptyline 10mg da dare, daga baya aka mayar 25mg, kuma ya rubuta a saman shafin fayil ɗinta cewa ciwon jijiya ne na suga. HbA1c na ranar 7.0 ne. Ba a ɗibi jininta don wani gwaji daban ba.

Maganin ya rage zugin dare, tana samun barci, sai dai bakinta na bushewa. Dindiris ɗin kam yana nan inda yake.

Oktoba zuwa Disamba 2021: hannu ya shiga

Wata bakwai da farawa sai ga shi a yatsun hannu, duka biyun. Zura zare a allura ya zama aiki, saka maɓalli sai ta kalla da ido, almakashi ya suɓuce mata ba ta sani ba sai ta ji ƙararsa a ƙasa. Ga tela wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan karon wani likitan ta samu a kilinik ɗin, ya buɗe fayil ya ga abun da na farko ya rubuta. HbA1c 7.2. Ya ce sai an ƙara matse sugan, ya ƙara mata gliclazide 80mg da safe, ya cire amitriptyline ya sa pregabalin 75mg sau biyu a rana. 'Yar ta tambaye shi, "Likita, hannun ma sugan ne?" ya ce eh, haka yake hawa.

Yadda ciwon jijiya na suga ya saba tafiya shi ne, daga yatsun ƙafa yake farawa ya dinga hawa a hankali shekara da shekaru, kuma yawanci sai ya kai wajen gwiwa kafin a fara jin sa a yatsun hannu, saboda jijiyoyin da suka fi tsawo su yake fara ci. Nata a lokacin bai wuce idon sawu ba, ga shi kuma har ya kama hannu.

Pregabalin ya kawo jiri da yawan barci da kumburin ƙafa. Ta fara tangaɗi in tana tafiya, aka ce maganin ne, jiki zai saba. A watan Disamba wata rana da hantsi jikinta ya ɗauki rawa, gumi ya keto mata, aka auna suga aka ga 3.1, alhali duk abun da ya yi ƙasa da 3.9 ya faɗi kenan. Zuwa farkon shekara HbA1c ya sauka 6.4, mafi kyawun da ta taɓa samu tunda aka gano ciwon, hannu da ƙafa kuma sai ƙaruwa suke.

Janairu zuwa Afrilu 2022: jini

Sai haki ya shigo, in ta ɗan yi tafiya kaɗan zuciya ta dinga bugawa da ƙarfi, tafin hannunta ya yi fari. A nan ne aka yi mata cikakken gwajin jini. Ƙarfin jinin, wanda ake rubutawa Hb a takarda, ya nuna 10.3, mace kuma in ta yi ƙasa da 12 ana lissafa ta da ƙarancin jini. A takardar akwai wani layi mai suna MCV, shi ke nuna girman jajayen ƙwayoyin jini, daidai shi ne 80 zuwa 100, nata 103. Aka ce mata masu suga suna samun ƙarancin jini musamman in ƙoda ta fara gajiya, duk da gwajin ƙodar na ranar bai nuna komai ba. Aka ba ta maganin ƙarin jini, ƙwayar ayon, wato sinadarin ƙarfe, da folik asid 5mg kullum.

A takarda maganin ya yi aiki. Zuwa Afrilu jini ya hau 11.8, MCV ya dawo 95, hakin ya ragu, kowa ya yi murna.

Amma a cikin watannin nan ne ƙafar ta fi lalacewa. Silifas ya fita daga ƙafarta tana tafiya ba ta sani ba. In ta hau keke ba ta sanin inda ƙafarta take a kan abun takawa sai ta sunkuya ta duba. In ta rufe ido tana wanke fuska sai ta ji za ta kifa, dole sai ta dafa bango, cikin duhu kuwa ba ta iya taku uku ba tare da riƙe wani abu ba. Ga mantuwa, macen da take riƙe awon kwastomominta a ka ta koma tana rubutawa kuma ta manta inda ta ajiye takardar, har ta yanka wa wata yadi ba daidai ba, abun da 'yar ta ce tunda ta yi wayo ba ta taɓa gani ba. Ga saurin fushi da kuka ba dalili. Da aka faɗa a kilinik aka ce damuwa ce, ciwo mai daɗewa yana kawo ta, a dinga kwantar mata da hankali. A watan Afrilu ta rufe keken.

Mayu zuwa Yuli 2022: abubuwan da iyali suka gwada

A watan Mayu ta faɗi da daddare tana hanyar banɗaki, ta gurɗe wuyan hannu. Daga nan hankalin 'ya'yan ya tashi, kowa ya kawo tasa dabarar.

Ɗanta namiji shi ya raka ta zuwa na gaba, kuma da zafinsa ya shiga. Ya ce wa likitan, "Kullum suga, kullum suga, ku ba ku san wani ciwo ba sai suga?" Likitan ya ɗaure fuska ya shiga yi masa bayanin yadda suga ke cin jijiya, yaron ya ciro takardu da ya bugo daga intanet masu jerin cututtuka sun fi goma, likitan ko kallonsu bai yi ba. Aka tashi da ƙarin pregabalin zuwa 150mg sau biyu, jirin ya ninku.

Sai suka canza asibiti. Da likitan can ya ce "Mama me ke tafe da ku?" abun da ta fara faɗa shi ne, "Ina da suga shekara goma, an ce ya taɓa min jijiya, maganin kuma ba ya min aiki." Ya duba ƙafar, ya duba katin tsohon asibitin, ya yarda da abun da aka rubuta, ya ce a gwada duloxetine a madadin wancan. Ba su ma saya ba.

A watan Yuni ta gaji ta ajiye magungunan gaba ɗaya ba ta faɗa wa kowa ba, kusan sati uku. Ta ce tunda sugan yana ƙasa tana ciwo to bari ta ga in yana sama me zai faru. Sugan safe ya koma 14 zuwa 16, ga yawan fitsari da ƙishirwa, ga rashin barci da gumi da fargaba saboda pregabalin ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janye shi. Da aka mayar da ita kilinik aka ce, "To kun gani ko?" aka ƙara wani layi a fayil cewa ba ta bin dokar magani. Yanzu ga suga a sama ga ciwon jijiya, komai ya yi daidai da abun da aka rubuta tun farko.

Agusta 2022: takarda guda

'Yar ce ta je karɓo magani a famasi, mai ba da maganin ya ga tana ta tambaya kan pregabalin sai ya ce, shekara nawa maman take shan metformin? Ta ce goma. Ya ce an taɓa auna mata bitamin B12? Ta ce ba ta taɓa jin sunan gwajin ba. Ya ce shi ba zai ce ga abun da ke damunta ba, amma ku tambayi likita, kuma kar ku sai mata ƙwayar bitamin kafin a ɗibi jinin don zai iya rikita sakamakon.

'Yar ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, aikin akawu take yi, sai ta yi abun da ta iya. Ta tattaro duk takardun gwaji ta jera su bisa kwanan wata, ta zauna da mamanta suka rubuta shafi ɗaya tak. A sama suka jera alamomin da watan da kowace ta fara: ƙafa Maris 2021, harshe da kasala lokaci ɗaya da ita, hannu Oktoba, tangaɗi a duhu da mantuwa farkon 2022. A gefen kowace ta rubuta HbA1c na lokacin, 7.0, 7.2, 6.4, yadda duk wanda ya kalla zai ga suga na sauka ciwo na hawa. Ta sa Hb da MCV na Janairu da na Afrilu. Ta rubuta duk maganin da ake sha da shekarar da aka fara, har da omeprazole ɗin da babu shi a fayil. Ta kuma rubuta gaskiyar sati ukun da aka ajiye magani, da cewa ciwon ya girme shi da wata 15. Sannan abubuwan da Mama ta daina iyawa: zura zare, taka keke, tafiya a duhu.

Ba su jira ranar kilinik ɗin suga ba, kati suka yanka na ganin likitan cututtukan ciki na manya a wata rana daban, don zancen ranar kar ya tafi a kan lambobin suga. Kuma sun shirya jimlar farko tun daga gida. Da likitar ta ce me ya kawo ku, Mama ta ce, "Likita, ba na iya tsayuwa in na rufe ido, kuma hannuna ya daina jin allura." Sai da ta gama wannan sannan aka zo kan suga. 'Yar ta miƙa takardar ta ce, "Ranki ya daɗe, ba musu muka zo yi ba, mun san suga na kawo irin wannan. Tambayarmu ita ce, da a ce Mama ba ta da suga ta zo muku da waɗannan, me za ku nema? Kuma an ce mana metformin na rage B12, ba a taɓa auna mata ba, ko zai yiwu a auna?"

Likitar ta karanta shafin har ƙarshe, ta tsaya a kan 103 ɗin nan ta ce wa ya ba ta folik asid ba a auna B12 ba, sannan ta tashi ta yi gwajin da ba a taɓa yi mata ba. Ta kaɗa ɗan ƙarfen nan mai rawa ta ɗora mata a ƙashin babban yatsa, da idon sawu, da gwiwa, Mama ba ta ji rawar ba sai a gwiwa, can ma kaɗan. Ta sa ta rufe ido ta dinga ɗaga babban yatsan sama da ƙasa tana tambayarta ina ya nufa, rabin amsoshin ba daidai ba. Ta sa ta tsaya ƙafa a haɗe, ido buɗe tana tsaye cak, tana rufewa ta tafi luu sai da aka tare ta. Ta buga gwiwa da ɗan gudumar roba, ƙafar ta zabura fiye da ƙima. Ta ce ta fito da harshe. Ta rubuta gwajin B12, folet (wato folik asid na cikin jini), ayon, tayirod (ƙullin nan da ke gaban wuya), ƙoda, hanta, da wani na neman ko garkuwar jiki ce ke hana ciki zuƙar bitamin ɗin.

Satumba 2022: sakamako da magani

B12 ya fito 112 pg/mL. Ƙasa da 200 ana ɗaukarsa ƙaranci. Tayirod, ƙoda, hanta da ayon duk lafiya. Gwajin garkuwar bai nuna komai ba, duk da likitar ta ce wannan gwajin yana kuskure wa kusan rabin masu cutar, don haka bai wanke ta gaba ɗaya ba, amma ko ma wanne ne maganin ɗaya ne.

Bayanin da aka yi musu mai sauƙi ne. Jiki na buƙatar B12 don ƙera jajayen ƙwayoyin jini da kuma gyaran rufin da ke kare jijiyoyi da laka. Metformin na rage yadda ƙarshen ƙaramin hanji ke zuƙarsa, omeprazole kuma na rage ruwan tsamin ciki wanda shi ke ɓanɓaro bitamin ɗin daga jikin abinci. Hanta na ajiye wanda zai ishi mutum shekaru, shi ya sa ba a ganin komai da wuri, sai ajiyar ta ƙare. In ya yi nisa yana taɓa ɓangaren laka da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa take, mutum ya koma da ido yake tafiya, ana rufe idon ko a ɗauke haske sai ya faɗi. Folik asid kuma yana iya gyara jinin a takarda alhali jijiya na ci gaba da lalacewa a ƙarƙashi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A wani babban bincike na rigakafin suga da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa kan B12 a 2016, bayan shekara 5 kashi 4.3 cikin ɗari na masu shan metformin B12 ɗinsu ya faɗi, marasa sha kuma 2.3, in aka haɗa da waɗanda ke bakin iyaka ya zama 19.1 da 9.5. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta Amurka tun 2017 ta sa a ƙa'idojinta cewa a dinga auna B12 lokaci-lokaci ga masu shan metformin, musamman mai ƙarancin jini ko ciwon jijiya. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya kuma a Yunin 2022 ta fitar da sanarwa cewa abun na iya shafar har mutum 1 cikin 10 na masu shan maganin.

Aka fara mata allurar B12 ta 1mg a tsoka, yau a yi gobe a huta, har sai an ga sauƙin ya daina ƙaruwa, daga nan a koma duk bayan wata biyu. Ba a cire metformin ba, don yana mata aiki kuma allurar ta rufe giɓin. Aka cire gliclazide, aka tsayar da ayon da folik asid, aka janye pregabalin kaɗan-kaɗan cikin makonni, omeprazole ya koma sai in ƙwannafin ya taso. Aka tura ta wajen masu gashi don koyon daidaita tafiya.

Oktoba 2022 zuwa Satumba 2023: abun da ya dawo da wanda bai dawo ba

Cikin sati biyu kasalar ta fara sakinta, harshe ya daina raɗaɗi. A satin farko tsikarin ma ƙaruwa ya yi, hankalinsu ya tashi, likitar ta ce hakan na faruwa kar a tsaya. Wata biyu jini ya kai 13.1. Mantuwa da kukan nan suka lafa wajen wata na uku. Hannu ya fi ƙafa saurin dawowa, a Janairun 2023 ta zura zare da kanta, a watan Maris ta buɗe keken tana yin awa biyu zuwa uku a rana. Tafiya ta daidaita sosai da rana, ta ajiye sanda a watan Afrilu. HbA1c ya zauna a 7.1 da metformin kaɗai, kuma sugan bai sake faɗuwa ba.

Bayan shekara guda, yatsun ƙafa da gaban tafin ƙafa har yanzu dindiris suke, ƙarfen nan mai rawa ba ta jin sa a babban yatsa, a duhu kuma sai da fitila. Likitar ta ce wannan ragowar mai yiwuwa tabon daɗewar da aka yi ne, mai yiwuwa kuma sugan ma yana da nasa kason, babu gwajin da zai raba su tsaf, kuma sauƙin da bai zo ba cikin shekara da wuya ya zo daga baya.

Abun da na gani a lamarin

Likitan farko bai yi wauta ba. Kusan rabin masu suga ciwon jijiya na kama su a rayuwarsu, mace mai shekara tara da ciwon ta zo da dindiris a yatsa, duk wanda ya ce suga ne ya fi kusa da gaskiya. Inda aka kuskure shi ne an mayar da zato ya zama hukunci ba tare da an kore sauran ba, alhali ita kanta ƙungiyar Amurkan nan ta rubuta ƙarara cewa ba a cewa ciwon jijiya na suga ne sai an kawar da sauran dalilai, B12, tayirod, ƙoda, giya, wasu magunguna. Da aka rubuta layin a saman fayil kuwa shi kenan, duk wanda ya zo baya daga nan yake farawa, kuma kowace sabuwar alama sai a nemo mata gurbi a ƙarƙashinsa, kasala suga, hannu suga, jini suga, kuka ma suga. An bar jaki ana ta dukan taiki, har aka matse sugan da ba shi da laifi ya faɗo 3.1.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A 1998 an wallafa wani bincike daga lardin Ontariyo na Kanada kan tsofaffi sama da miliyan 1.3 waɗanda ake ba magani kyauta, aka ga cewa mai ciwo ɗaya mai daɗewa, har da suga, ya fi fuskantar a bar masa wani ciwon daban ba a yi masa magani ba. Wato ko an cire maganar kuɗi, babban ciwon yana cinye lokacin ganin likita da hankalinsa.

Wurin da ya fi min ciwo shi ne Janairun 2022. Lambar 103 tana nan a takarda baƙi da fari, ga ciwon jijiya, ga metformin shekara goma, abubuwan nan da ƙa'idar ta ambata duk sun haɗu a mutum ɗaya, aka ba ta maganin da ya goge shaidar. Wanda zai duba jininta a Afrilu ba zai ga komai ba. Kuma ko da jinin bai taɓa nuna komai ba hakan ba hujja ba ce, tun 1988 wani bincike kan marasa lafiya 141 da ƙarancin B12 ya taɓa musu jijiya ko ƙwaƙwalwa ya samu 40 daga cikinsu ba su da ƙarancin jini ko manyan ƙwayoyin nan.

Faɗan da ɗan ya yi na fahimce shi sarai, uwarsa ce ke faɗuwa a duhu, amma abun da ya jawo shi ne likitan ya koma kare abun da aka rubuta maimakon ya sake dubawa, jerin cututtuka goma kuma ba abu ne da za a iya amsawa cikin minti goma ba. Canza asibiti bai yi amfani ba saboda tsohon hukuncin suka ɗauka suka kai da bakinsu tun a jimlar farko. Ajiye magani shi ya fi komai ɓarna, ya sa ta cikin haɗari kuma ya ba zaton farko hujjar da da can ba shi da ita.

Takardar 'yar ta yi aiki ne saboda ta yi wa likita aikin da lokaci ba ya barinsa ya yi, ta ɗauko abubuwan da ke warwatse a zuwa daban-daban wajen likitoci daban-daban ta ajiye su gefe da gefe, sai rashin jituwar ya fito da kansa. Tambayar tata ba ta zargi kowa ba, ta ba likitar dama ta yi tunani irin wanda aka koya mata, kuma ta nemi abu ɗaya mai suna wanda za a iya cewa eh ko a'a, in an ce a'a a faɗi dalili. Ba zan rage wa mai famasin da likitar nasu ba, wani likitan da an ba shi shafin ma ajiyewa zai yi, a nan kam akwai rabo. A wani mutumin kuma abun da ke ɓoye ba B12 zai zama ba, tayirod ne, ko zuciya, ko matsewar jijiya a baya, wani kuma a gama bincike a tarar sugan ne da gaske, kuma wannan ma amsa ce mai kyau tunda an duba.

Abun da ba zan iya wucewa ba shi ne lissafin watannin. Ƙa'idar auna B12 ta riga zuwanta na farko da shekara huɗu, gwajin na jini ne kawai ba wani sikanin ba, kuma an san cewa gwargwadon daɗewar da jijiya ta yi ba magani gwargwadon abun da ba zai dawo ba. Daga Yunin 2021 zuwa Satumban 2022 wata 15 ne, kuma a Yunin can ciwon bai wuce yatsun ƙafa ba.